Hannun Da Ya Taɓa Ƙasa a Birmingham

Ɗakin da na fara kwana a Manchester ba shi aka nuna mini a hoto ba. A hoto akwai taga da tebur da fure a tukunya. A zahiri katifa uku na tarar a ƙasa, da wasu samari biyu 'yan Romaniya waɗanda su ma dillalin da ya nemo mini ɗakin ya nuna musu wannan furen. Shi kuwa dillali wayarsa ta daina shiga tun ranar da na sauka. Mu ukun muka dubi juna, ba na jin yarensu, ba sa jin nawa, muka yi dariya irin ta wanda aka cuta kuma ya san ba inda zai kai ƙara. Na ɗauki katifar da ke jikin ƙofa. A unguwar Ardwick ke nan.

Sunana Sabi'u, ɗan mahauta ne ni gaba da baya, kuma duk wanda ya san mahauta ya san ba mu da wasan da ya wuce dambe. Babana ya daɗe a fili kafin ya ajiye zare. Shi ya fara ɗaure mini hannu tun ina ƙarami, ga ni bahago, har an soma sanina a ƙauyukanmu idan kaka ta yi. Ranar da sakamakon sakandare ya fito, wani malami ya karanta masa a bakin rumfa. Baba ya kira ni ya ce, "Daga yau ka gama dambe. Kan da ke ɗaukar karatu ba na naushi ba ne. Ka je ka kawo mini takarda, babbar cikinsu." Na yi masa alkawari. Da na kawo digirin farko ya tambayi malamin ko akwai wadda ta fi ta, aka ce akwai mastas, ya ce to saura ita. Wannan takardar ce ta kai ni Ingila, karatun injiniyan ruwa na shekara ɗaya da tallafin gwamnatin jiharmu, kuma ita kaɗai nake da niyyar komawa da ita.

An biya jami'a haƙƙinta tun farko, a nan kam Allah ya rufa mini asiri. Kuɗin ci da na haya ne aka ce za su riƙa zuwa lokaci-lokaci. Na farko ya zo. Na biyu har yau yana hanya.

Ga shi na faɗo ƙasar a lokacin da ita ma take tsuke bakin aljihu. Laburaren unguwa ya rage kwanakin buɗewa, wurin wasan matasa an garƙame shi, Turawa 'yan gari ma suna bin layin aikin da nake bi. Wani kamfanin dillancin ma'aikata yakan turo saƙo da asuba a ce in zo sito, in hau bas biyu in je, a ce yau mutane sun isa. In dawo a ƙafa. A watan Fabrairu na rasa katifar jikin ƙofa. Na yi sati uku a kan kafet ɗin wani abokina Nura, har mai kula da gidan ɗalibai ya gane, ya yi masa gargaɗi. Jakata ta koma kusurwar masallaci. Ranar da na fara tsayawa a layin masu karɓar abincin taimako a bayan wani coci, aka miƙo mini gwangwanin wake da taliya, na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Ni da na tashi gidan da kare ma yake ƙin ƙashi.

Duk Juma'a ina kiran gida. Baba ba ya son doguwar magana a waya. "Ya karatu?" In ce lafiya lau. "Kana cin abinci?" In ce ina ci, sanyi ne kawai. Sai ya ce Allah ya yi albarka, ya miƙa wa Inna.

Wata ranar Talata da la'asar ina wucewa ta gaban wani tsohon ginin jan bulo na hukumar unguwa, sai na ji sauti daga ciki, tim, tim, tim, ƙarar fata ana dukanta da ƙarfi. Zan so in ce ƙaunar wasa ce ta shigar da ni. Gaskiya ɗumi na bi, don na ga tururi a gilashin taga. Na tarar da mutane kusan ashirin babu takalmi, maza da mata, suna dukan dogayen buhuna da ƙwauri. A tsakiyarsu wani ɗan guntun mutum ne mai kamar shekara hamsin, sanye da rigar sanyi biyu da gajeren wando mai sheƙi. Mutumin Thailand ne. Sunansa yana da tsawo, kowa Kru yake ce masa, wato malam.

Na raɓe a jikin bango ina kallo. Da aka tashi ya zo ya tsaya a gabana, ya dubi kafaɗuna, ya kama hannuna na hagu ya juya shi, ya kama na dama ya gwada su. Ɗan dambe ba ya ɓoyuwa, hannunsa ɗaya kullum ya fi ɗayan kauri. Da guntun Turancinsa ya ce, "Kai ka yi faɗa. Amma me ya sa da rabin jiki?"

Na yi dariya, wadda na daɗe ban yi ba. Ya tambaye ni inda nake kwana, na kawar da kai, shi ma bai ƙara tambaya ba. Ya nuna mini tsintsiya da bokiti, sannan ya buɗe wani ɗan ɗakin ajiya cike da safunan dambe da warin gumi, da bututun ɗumama ɗaki a jikin bango. In share wurin safe da yamma, in riƙe wa sababbi fatar da suke naushi, in kwana a nan. Na gaya wa kaina ai ba dambe zan yi ba, shara zan yi. Da tsintsiya na fara karya alkawarin Baba.

Damben Thailand, wanda suke kira Muay Thai, da gaɓa takwas ake yinsa: dunƙule biyu, gwiwar hannu biyu, gwiwar ƙafa biyu, ƙwauri biyu. Ni kuwa da hannu ɗaya na zo. Ranar farko da na gyara tsayuwa irin tamu, na miƙa dama gaba na ɓoye hagu a baya, Kru ya yi dariya har ya zauna. Ya ce na yi kama da mai tsayar da tasi. Ya share mini ƙafa na faɗi, na tashi, ya sake sharewa. Bayan sallar asuba mu yi gudu a bakin magudanar ruwa, mu dawo tsallen igiya mai nauyi, sannan buhu, kowace ƙafa sai ta doke shi har ka daina jin ta. Ƙwaurina ya kumbura ya yi baƙi, Kru ya murza shi da wani mai mai zafi da ke sa hawaye. Daga nan sai riƙon wuya, ka kama ƙeyar mutum ya kama taka, kuna juya juna kuna cusa gwiwa. Ƙarfe tara in wanke jiki in tafi aji kamar kowane ɗalibi, in zauna da ƙyar.

Kru ɗan manoman shinkafa ne. Ya ce tun yana shekara takwas yake hawa dandamali a kasuwannin ƙauye don gidansu su ci abinci. Abin da bai daina ba shi mamaki ba shi ne yadda wasan ya bazu a duniya. Yakan nuna mini wata lauya da wani likitan haƙori suna dukan buhu, ya ce, "A garinmu wanda ba shi da komai ne yake wannan. A nan mai komai ne yake biya a doke shi." Na ce mu ma haka ne, ba ka ganin ɗan mai kuɗi da zare a hannu. Kullum da rana yakan dafa shinkafa da barkono a wata 'yar tukunyar lantarki, ya raba biyu. Da ya gane ba kowane nama nake ci ba, sai ya koma sayen kaza a shagon wani Bapakistane, bai taɓa yi mini maganar ba. Na ci jarrabawar zango na biyu da wannan shinkafa. Saura kundin bincike, wanda za a miƙa a farkon Satumba.

A watan Mayu aka manna takarda a ƙofa. Hukumar unguwa ba za ta iya ci gaba da riƙe ginin ba, za a rufe shi ƙarshen wata. Lauyar ta rubuta wasiƙu, aka tara sa hannu, ba abin da ya canja. Ranar da muka sauke buhunan na zauna a kan ɗaya, tsoro ya rufe ni. Wata uku da 'yan kwanaki kawai nake nema, rufin da zan sa kaina a ƙarƙashinsa in gama rubutu.

Wani mutum mai suna Dean ya zo daga Birmingham ya ɗauki Kru aiki. Yana da wurin horo a Ladywood, kuma samun malami ɗan asalin Thailand abin talla ne a lokacin, don wuraren sun yi yawa, kowa yana son ya ce nasa ne na gaske. Kru ya ce sai dai a tafi da ni. Dean ya dube ni sama da ƙasa, ya yi murmushi ya ce akwai ɗaki a sama. Malamin da ke duba aikina ya yarda in riƙa zuwa sau ɗaya a wata. Muka hau doguwar bas, ni da jakata, Kru da tukunyar shinkafarsa a cinya.

Wurin Dean tsohon garejin gyaran mota ne a ƙarƙashin dogayen benaye. Ɗakin sama kuwa har da taga da tebur, abin da dillalin Manchester ya yi mini alkawari ban samu ba. Na yi azumi a nan, azumin da rana ba ta faɗuwa sai mutum ya fid da rai, ina shara, ina riƙe wa mutane fata, ina zana taswirar magudanan ruwa a kwamfuta. Aikin yana tafiya. Har na fara tunanin irin rigar da zan saya wa Baba.

A bangon ofishin Dean akwai hotunan 'yan wasansa, kowa da tutar ƙasarsa, ga Poland, ga Maroko, ga Ireland. Kwana biyu bayan Sallah ya kira ni ya nuna mini wata sabuwar takardar talla. Hotona ne a ciki, wanda ban san lokacin da aka ɗauka ba, da tutar Najeriya a gefe. Gasa ce ranar Lahadi ta sama da mai zuwa, turmi uku.

Na ce masa ni ba ɗan wasa ba ne, ɗalibi ne, saura mini sati huɗu in miƙa kundina. Na ce ya bari bayan nan, ko sau goma ne zan hau.

Ya ce an riga an buga tikiti. Ya ce abokin karawata sabon shiga ne kamar ni, sau biyu kawai ya taɓa hawa. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗakin sama na 'yan wasa ne, aboki. Ko ka hau, ko ka kawo mini mukulli ranar Litinin."

Na juya na dubi Kru, yana bakin ƙofa yana naɗe bandeji. Bai ɗago ba. Takardar zamansa a ƙasar a hannun Dean take, na sani, kuma ban riƙe shi da wannan ba.

Ban yarda nan take ba. Na kira Nura, ya riga ya bar ɗakinsa ya koma wurin wani kawunsa a London. Na je ofishin hukumar gidaje, wata mata ta duba fasfona ta ce irin bizata ba ta da haƙƙin komai, ta ba ni haƙuri har sau uku. Na je masallatai biyu, limamin ɗaya ya nuna mini mutum huɗu da ke jiran irin abin da nake nema. Ranar Lahadi na zauna a bakin magudanar ruwa na yi ta lissafin inda zan ajiye kwamfuta idan ruwan sama ya sauko. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Litinin da safe na je na ce wa Dean zan hau.

Kafin kowane wasa, ɗan Muay Thai yakan yi wata rawa ta girmama malaminsa, ya durƙusa ya kai goshi ƙasa sau uku. Da Kru ya zo koya mini na ce masa ya yi haƙuri, goshina ba ya taɓa ƙasa sai don Allah. Na zaci zai ji haushi. Sai ya ce, "To, kewaya igiya kawai, ka tsaya a kowace kusurwa ka tuna wanda ya fara koya maka. Waye shi?" Na ce babana. Ya ce shi ke nan, shi za ka tuna.

An yi gasar da rana tsaka a wani zauren wasanni, dandamali a tsakiya, kujerun roba kewaye. Tun daga yadda abokin karawata ya tsallake igiya na san Dean ya yi mini ƙarya. Dogon Bature ne mai jan gashi, ƙwaurinsa duk tabo, idonsa a kwance kamar na mai jiran bas. Sai aka saki kiɗa ta lasifika, wanda a ƙasar su Kru ake yi wa 'yan wasa tun daga rawa har ƙarshen faɗa. Ban taɓa jinsa da ƙarfi haka ba. Wata 'yar sarewa ce mai kukan algaita, da ganga a ƙarƙashinta. Na kewaya igiya ina tuna Baba kamar yadda aka ce mini, jama'a na ihu, gangar nan na bugawa, tsigar jikina ta tashi. Ban ankara ba na daina jin ina Ingila.

Turmin farko ya ci ƙafafuna. Duk inda na taka ƙwaurinsa yana jirana, cinyata ta dama ta mutu. A kusurwa Kru ya zuba mini ruwa a ka ya ce, "Ya raina hannunka. Ba shi hagun nan, ta gidanku." Turmi na biyu na bar shi ya matso, na janye kafaɗa na sako ta tun daga baya, yadda ake sako ta a fili. Ta same shi a muƙamuƙi. Ya zauna daɓas, alƙali ya ƙirga har takwas, ya tashi idonsa ya canja. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Shekara goma rabona da wannan daɗin.

Turmi na uku, minti ɗaya da wani abu ya rage tsakanina da ɗakin sama. Na kai masa shuri, ya cafke ƙafar, ya tura ni. Ban faɗi ba. Na yi tangaɗi, na sunkuya, safar hannuna ta hagu ta shafi ƙasa, shafa kawai, wadda alƙalin da ke bayansa bai ma gani ba.

A dambenmu, idan hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka, wasa ya ƙare. Ba ka jiran wani ya faɗa maka. Wanda ya dafa ƙasa ya tashi ya ci gaba da kai naushi, ya zubar da mutuncinsa da na gidansu, kuma wanda ya doki mutumin da ya riga ya dafa ya fi shi zubarwa. Ina ɗan shekara tara na taɓa dafawa na wayance, Baba ya shigo fili da kansa ya fitar da ni da kunne a gaban jama'a. Wata biyar Kru yana kayar da ni a wurin horo ina tashi, ban taɓa tuna wannan ba, don can babu ganga babu taro. A nan kuwa jikina bai yi shawara da ni ba. Na miƙe tsaye, na sauke hannu biyu, na juya fuska zan nufi kusurwata. Hali zanen dutse.

An ce ƙwaurinsa ne na dama. Ni ban gan shi ba.

Na farka a babban asibitin da ke Edgbaston, fitila a kaina, bakina yana ta maimaita magana ɗaya: ai na dafa ƙasa, ai na dafa ƙasa. Sai na ji an ce, "Sannu, ɗan'uwa. Kwanta, kar ka motsa kai." Da Hausa. Na ɗauka mafarki ne. Wani likita ne mai furfura a gemu, sunansa Dakta Munzali. Da na dube shi sai na ga likita biyu, ɗaya a saman ɗaya.

Washegari ya zauna a gefen gado ya yi mini bayani. "Ƙashin da ke ƙarƙashin idonka na hagu ya karye, kuma kana da concussion, wato ƙwaƙwalwarka ta girgiza. Double vision ɗin nan, ganin biyu-biyun, zai iya tafiya, amma ba yau ba, ba gobe ba. No screens, no reading, aƙalla sati shida."

Na ce, "Dakta, deadline ɗina saura sati biyu."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Kai student ne? To me ya kai ka ring, fisabilillahi?"

Na ce masa wurin kwana.

Kru ya zo rana ta uku da shinkafa a roba. Ya ajiye ta, sannan ya ajiye jakata da kwamfutata a gindin gado, na gane Dean ya ba wani ɗakin. Sai ya ce, "Kana cin wasa. Me ya sa ka sauke hannu?" Na yi masa bayanin dafa ƙasa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "A wurinmu sai alƙali ya shiga tsakani. Ban san akwai abin da zan cire maka ba, da na cire." Ya haɗa tafin hannunsa a gaban fuskarsa ya sunkuyar mini da kai, abin da malami ba ya fara yi wa ɗalibi a al'adarsu. Ban sake ganinsa ba.

Dakta Munzali bai tambaye ni ko ina so ba, ranar da aka sallame ni ya sa jakata a bayan motarsa ya kai ni gidansa. Matarsa, Anti Zulai, akanta ce, ta kwashe kayan ɗan ƙaramin ɗakin da take aiki ta shimfiɗa mini katifa. 'Ya'yansu suna gaishe ni da Turancin Birmingham da ba na kama rabinsa. A daren farko ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ce, "Ka ci, Sabi'u, ba a yi wa tuwo kallo." Na kai loma ɗaya na fashe da kuka kamar yaro, ta fita ta ja mini ƙofa.

Sun yi mini duk abin da ɗan'uwa zai yi. Dakta ya rubuta wasiƙa, jami'a ta ƙara mini lokaci, ta sake ƙarawa. Na rufe ido ɗaya da auduga na buɗe kwamfuta, minti goma sai kai ya sara, sai amai. Anti Zulai ta ce in riƙa faɗa tana bugawa. Muka gwada, amma aikina taswira ne da layuka da lambobi, sai an gani ake gyarawa, kuma duk bututun da na duba biyu yake zama. Na yi ta ƙirga kwanaki ina addu'a, na sha maganin da aka ba ni, na sha wanda ba a ba ni ba. Idon yana warkewa, amma a hankali, bizata kuma ba ta jiran ido. A watan Disamba malamina na jami'a ya kira ya ce ba sauran hanya. Wanda ya ci jarrabawa bai miƙa kundi ba, akwai takardar da ake ba shi, difloma, ƙasa da mastas.

Dakta ya kai ni filin jirgi. A mota ya ce, "Diploma ɗin nan ma ba banza ba ce, za ka samu aiki da ita. Ka faɗa wa tsohon gaskiya, that's all." Na ce to.

Ban faɗa ba. Takardar tana da tambari mai kyau da rubutun zinariya, Baba kuma ba ya karanta boko. Ya sa aka yi mata gilashi, ya rataye ta a rumfa sama da inda ake rataye cinya, duk wanda ya zo sayen nama sai an nuna masa babbar takarda. Kwana tara ina zaune a benci ina jin ana yi masa barka. Ban taɓa ƙin kaina kamar a kwanakin nan ba.

Rana ta goma da hantsi, kasuwa ba ta cika ba, yana sara ƙashi, sai ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Idon nan naka na hagu ya faɗa ciki. Ba dunƙule ba ne ya yi wannan."

Na ce, "Ƙwauri ne, Baba."

Ya ajiye gatari. Na faɗa masa komai, tun daga tsintsiya har zuwa abin da ke cikin gilashin nan, cewa ba ita ba ce, ƙanwarta ce. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da ya cancance ni. Bai tambaye ni alkawari ba. Ya ce, "Kai da hannun nan naka, ya aka yi ƙafa ta kai fuskarka?"

Na ce na dafa ƙasa ne, sai na sauke hannu.

"Alƙali ya gani?"

"Bai gani ba."

"Wani ya gani?"

"Ba wanda ya gani, Baba."

Ya zauna a kan kututturen da muke sara nama, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya ce, a hankali, "Ni na koya maka wannan." Hawaye yana bin gemunsa, bai share ba.

Wata mata ta tsaya a bakin rumfa tana tambayar ko akwai hanta. Na tashi na ɗauki wuƙa na yanka mata.